Hotuna sun ƙi buɗewa bayan sa NextGEN Gallery

Malam, ka ce tunda ka sa NextGEN, plugin ɗin (ƙarin manhaja) jera hotuna, a WordPress ɗinka, manhajar gina shafin intanet, hotuna suka ƙi buɗewa, sai farin fili kawai. Gaskiya sau da yawa ba laifinsa ba ne, wani plugin ne suke faɗa da shi, musamman masu cache ɗin nan (ajiye kwafin shafi don ya buɗe da sauri) da ke matse JavaScript, wato code ɗin da ke sa shafi aiki. Kashe sauran plugins ɗin duka, ka dinga kunnawa ɗaya bayan ɗaya kana goge cache kana duba shafin har ka kama mai laifin. Ni dai in hotuna ba su wuce 20 ba gallery ɗin cikin Gutenberg, wato wajen rubutu na WordPress, ya ishe ni wallahi, sai dai ka rage nauyinsu kafin ka ɗora, hoton waya da nauyi, ga data ta yi tsada.