Kafin a kai littattafan Baba sikanin

Tambaya: Malam, mahaifinmu ya rasu ya bar littattafai kusan 40, wasu bugun shekarun 1960 ne. Takardun sun yi ja, gara ma ta taɓa guda biyu. Yayana ya ce mu kai wa masu sikanin su mayar mana da su cikin kwamfuta, ni kuwa ina tsoron kada a lalata su. Me ka gani? Daga wata mai karatu.

Amsa: Allah Ya jiƙan Baba, Malama. Tsoronki yana kan hanya, don ni ma abin ya taɓa faruwa da ni. Na ba wani kamfani tsohon ƙamus ɗin da malamina ya ba ni, suka dawo mini da shi falle-falle, an ɗaure da roba. Laifina ne, ban tambaya ba.

Aikin iri biyu ne. Akwai masu datse littafin ta wajen ɗinki, su zuba takardun a na'ura ta riƙa jan su ɗaya bayan ɗaya. Ya fi sauri da sauƙin kuɗi, amma littafi ya tashi daga aiki, kuma takardar da ta tsufa tana iya yagewa a ciki. Akwai kuma masu kwantar da littafi a kan wani maɗori mai siffar V, kyamara na ɗauka daga sama, mutum na juya shafi da hannu. Wannan za ki nema, a kuma rubuta a takardar yarjejeniya cewa ba za a yanka ba.

Ki ce su ɗauka a dpi 300 (dpi shi ne yawan ɗigon hoto a kowane inci) ga rubutu zalla, 600 ga hotuna da ƙananan haruffa. Inda Baba ya yi rubutu a gefen shafi, a ɗauka da launi, don baƙi da fari yakan shanye fensir. Ki karɓi PDF na karantawa, da TIFF (nau'in fayil ɗin hoto mai riƙe inganci) na ajiya, ki adana su wuri fiye da ɗaya.

Za su yi miki tallar OCR, wato manhajar da ke karanta hoton shafi ta mayar da shi rubutun da za a iya bincikawa. A Turanci tana ƙoƙari. A Hausa kuwa takan tsinke lanƙwasar ɓ da ɗ da ƙ, sai ki ga ƙafa ta koma kafa. Ki sa su gwada shafi 10 ki duba da idonki.

Sai batun haƙƙin mallaka. Yarjejeniyar Berne ta ƙasa da ƙasa ta sa haƙƙin ya ci gaba aƙalla shekara 50 bayan rasuwar marubuci, ƙasashe da yawa kuma 70 suke bi, saboda haka kada Yaya ya watsa su a intanet don kawai sun tsufa.

Biyun nan da gara ta taɓa, ki ware su yau ɗin nan. Gwaji kuwa, ki fara da littafi ɗaya wanda ba za ki yi kuka a kansa ba.