Me ya sa bidiyon gyam ɗina yake fitowa da zane-zane idan na ɗauka da waya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan shagon gyam (wasan bidiyo) a Zariya, PS3 biyu da PS4 ɗaya. Duk yamma samari suna kafsa gasar wasan ƙwallon PES, ni kuma ina ɗaukar talabijin ɗin da wayata don in ɗora a YouTube da TikTok. Amma hoton yana rawa, wasu layuka na yawo a kansa, ƙarar janareta ta danne komai, ga cin data. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wayarka lafiyarta ƙalau. Talabijin ba hoto ɗaya yake tsayarwa ba, sabunta shi yake yi sau 60 a kowane sakan idan ta wayar HDMI ka haɗa PS3 ko PS4. Kyamara ita ma tana buɗe ido tana rufewa a nata lokacin. Idan lokutan biyu ba su daidaita ba, sai ta kama allon yana tsakiyar sauyawa, shi ne layukan da kake gani suna hawa suna sauka.

Shiga sashen Pro na kyamarar, in wayar tana da shi, ka tsayar da saurin shota, wato buɗewa da rufewar idon kyamara, a kan 1/60, ka zaɓi firem (hotuna) 30 ko 60 a sakan. Wanda ke da tsohuwar PS2 samfurin Turai, 1/50 zai saka, don ita a 50 take tafiya. Sannan ka kashe kwan fitilar ɗakin. Wutar lantarkinmu, ta layi ko ta janareta, a zagaye 50 a sakan take aiki, kwan mai araha kuma yana ƙyaftawa da ita ta yadda ido ba ya gani amma kyamara na gani. Kashe shi kuma zai raba ka da hasken da ke dawowa daga gilashin allon.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne kulle haske da fokas. Ɗora yatsa a kan allon talabijin ɗin a cikin kyamara ka riƙe har alamar kwaɗo ta fito, sannan ka ɗan rage haske. In ba haka ba, da zarar an koma daga koren fili zuwa maimaicin ƙwallo, wayar za ta shiga laluben fokas, kuma a daidai nan ake cin ƙwallon da kake so. Ka kafa wayar a kan sanda mai ƙafa uku, ko ka tokare ta da littattafai a kan benci, daidai tsakiyar allon, ba ta gefe ba. Idan ka ga wani zane kamar saƙar tabarma, matsa baya kaɗan zai tafi. Kada ka ja zum da yatsu, hoton kawai yake fasawa.

Amma a gaskiya, PS4 ɗin nan ba ta buƙatar duk wannan wahala. Danna maɓallin SHARE sau biyu ta fara rikodin da kanta, kana iya saita tsawonsa har minti 60, daga baya ka kwashe a filash. Hoto da sauti tas, babu janareta a ciki. Wayar kuma ka juya ta kan masu wasan: wanda ya yar da pad ya dafe kai, da 'yan kallo da suka miƙe suna ihu. Wannan ne mutane za su tsaya kallo, don wasan PES kowa na da shi a gida. Ka dai nemi izininsu tukuna. Kafin a fara, ka tafa hannu sau ɗaya daidai lokacin da alƙalin wasa ya busa, zai taimaka maka wajen haɗa bidiyon biyu a manhajar tace bidiyo ta CapCut. PS3 kam ba ta da wannan maɓalli, kuma HDMI ɗinta na da makullin HDCP da ke hana na'urorin ɗauka gani, don haka kyamara ce hanya mafi sauƙi gare ta.

Batun data, lissafi ne. YouTube na ba da shawarar megabit 8 a sakan ga bidiyon 1080p mai firem 30, ka ga minti goma zai kai megabait 600. A 720p megabit 5 ne, wato kusan megabait 375. Tunda da waya za a kalla, kuma PS4 wadda ba samfurin Pro ba a 720p take ɗauka, fitar da shi a haka, MP4, ka yanke sauya 'yan wasa da zaɓen riga. Don TikTok, a tsaye za ka shirya shi: wasan a sama, fuskokin a ƙasa. Ka kashe waƙoƙin cikin gyam ɗin daga saiti, don masu haƙƙin mallaka na iya riƙe bidiyon. Kuma sai ka tabbatar da lambar wayarka a YouTube kafin ya karɓi abin da ya wuce minti 15.