Bashi da Izinin Ganin Sirrin Gwamnati a Amurka

Ɗan'uwa, ka ce kana shirin zuwa Amurka karatun tsaron intanet, kana hangen aiki a kamfanonin da ke yi wa ma'aikatar tsaro kwangila, sai ka ji an ce bashi na hana mutum samun izinin ganin sirrin gwamnati. Akwai gaskiya a ciki, amma abin da ke kada mutane shi ne yin biris da bashin, ba cinsa ba.

Izinin nan sai ɗan ƙasa. Katin zaman dindindin bai isa ba. Ba kuma kai ke nema da kanka ba, wurin aiki ne ke gabatar da kai. Da sauran shekaru ke nan a gabanka, amma cikinsu ake rubuta tarihin da za a tono.

Fom ɗin da za ka cike sunansa SF-86. Sashe na 26 yana bin diddigin kuɗinka, galibi na shekara 7 baya: ko ka taɓa wuce kwana 120 ba ka biya wani bashi ba, ko an miƙa ka ga kamfanin karɓo bashi, an ƙwace maka mota, kotu ta sa a riƙa yankar albashinka, ko ka ƙi cike takardun haraji. Ƙa'idar da ake auna mutum da ita, SEAD 4, ta fara aiki a 2017. Hujjar gwamnati ita ce wanda bashi ya yi wa katutu ya fi sauƙin saye, wanda kuma bai cika alkawarin banki ba, ina tabbacin zai riƙe amanar sirri?

Babu wani adadin da aka ce daga nan an faɗi. Mai bashin karatu dala 60,000 da ke biya duk wata ya fi mai dala 900 na asibiti ko na layin waya da ya bar wasiƙun tuni suka taru a akwati. Irin waɗannan ƙananan ne ke kama 'yan makaranta: an tashi daga gida ba a biya kuɗin wutar ƙarshe ba, adireshi ya canza, takarda na zuwa inda ba kowa. Don haka ka riƙa duba rahoton bashinka a Equifax, Experian da TransUnion, kamfanonin da ke ajiye tarihin bashin mutane, kyauta ne.

In an samu matsala, akan aiko da takardar dalilan da za su sa a hana ka. Ma'aikacin ɗan kwangila yana da kwana 20 ya amsa. Ana sassauci idan rashin aiki, rashin lafiya, mutuwa ko rabuwar aure ne sanadi, muddin ka nuna ka yi abin da ya kamata: ka kira masu bashin, kun tsara biya kaɗan-kaɗan, ga rasit na watanni. Biyan da aka yi a gaggauce bayan takarda ta iso ba ya da nauyi sosai. Bashin da ya ɓace daga rahoto don ya shekara 7 kuwa, ba sa lissafa shi a matsayin wanda aka biya.

Kada ka ɓoye komai. Rahoton yana hannunsu kafin a zauna da kai, ƙarya a fom ɗin kuma laifi ne da kan kai ɗaurin shekara 5.

Sai abin da ya fi shafar mutanenmu. Fom ɗin yana tambayar ko kana tallafa wa wanda ba ɗan ƙasa ba da kuɗi. Aika wa iyaye a Kano ko Zinder ba laifi ba ne, ka dai rubuta, ka ajiye shaidar turawa. Amma wanda yake aika dala 500 gida duk wata alhali katin bashinsa ya yi wata huɗu ba a taɓa ba, zai sha tambaya. Haka kuɗin adashe: in kwasarka ta zo, dubbai suka faɗa asusu rana ɗaya, ka tanadi rubutaccen jerin 'yan zubi da ranakun, domin dukiyar da ba a san tushenta ba ita ma tana cikin abin da ake bincike.