Edita yana ta farfasa min sakin layi, Turancina ne bai kai ba?

Tambaya: Malam, ina bautar ƙasa a wata jaridar Turanci. Duk labarin da na kai sai edita ya farfasa min sakin layi, kowace jimla ya ware ta ita kaɗai, jiya ma ya ce in mayar da shi "eight pars", kunya ta hana ni tambaya. Wallahi tsoro nake kar su ce ban iya ba.

Amsa: Kwantar da hankalinka ƙanena, Turancinka ba shi da laifi. "Par" ɗin nan gajarta "paragraph" ne irin na 'yan jaridar Ingila, na Amurka kuma "graf" suke cewa, wato sakin layi takwas yake so. A ɗakin labarai da shi ake auna tsawon labari, kuma jimla ɗaya ce ko biyu, bayani guda, shi ke nan. Dalili kuwa layin jarida siriri ne, jimla biyar in ta shiga sai ta zama katanga, a waya ma haka. Duba labaran kamfanonin dillancin labarai irin su Reuters da AP, ko na BBC, ka gani. Sakin layi na farko shi ne "intro" a Ingila, "lede" a Amurka, yawanci ba a so ya wuce kalma 30. Maganar mutum da aka ɗauko daga bakinsa ita ma nata sakin layin daban. In ka ji an ce "nut graf", wanda ke faɗa wa mai karatu dalilin da zai damu da labarin ake nufi, an fi danganta salon da jaridar Wall Street Journal ta Amurka.

Amma abin da ke ci min tuwo a ƙwarya kullum shi ne yaran da ke zuwa da tsarin insha'in WAEC a ka, gabatarwa, gundarin magana, kammalawa, sai su ɗauka sakin layin ƙarshe nan ne mazaunin magana mai nauyi. A labari ƙarshe shi ne wurin da ya fi ko'ina arha. Ana jera labari ne daga mafi muhimmanci zuwa mai bi masa, don in wuri ya ƙare a shafi, ko talla ta shigo da daddare, mai tace labari daga ƙasa yake yankowa, ba zai kira ka ba, wani lokacin ko karantawa ba zai tsaya yi ba.

To yanzu a ce ka rubuto an zargi wani shugaban makaranta da cinye kuɗin jarrabawar ɗalibai, ka cika sakin layi bakwai da zargi, musun da mutumin ya yi ka kai shi na takwas wai kai ka yi adalci. An yanke na takwas. Me ya fita? Zargi zalla, da sunan bawan Allah a sama, gobe lauyansa ya aiko takardar ɓata suna, kuma sunanka ne a kan labarin. Ko ba a yanke ba, mutum nawa ne ke kaiwa ƙasa a waya? A ɗauki hoton saman a watsa a WhatsApp, musun na can ƙasa ba wanda ya gani. Musu yana hawa sama, na biyu ko na uku, in ma bai ɗauki waya ba a nan za ka faɗa. Kuma duk sakin layin da ke ɗauke da zargi ya zo da wanda ya faɗa, 'yan sanda ne, takardar kotu ce, kar ka dogara da cewa ai na faɗa a sama.

Masu buɗe ajin koyon jarida na kwana biyu a intanet, su karɓi kuɗi su raba satifiket, su ne har yau suke koya wa yara wai sakin layi dole jimla biyar kuma a rufe da kammalawa. Mutumin da bai taɓa ganin an yanke masa labari ƙarfe goma na dare ba! Ku ji tsoron Allah, mutuncin mutane ne a hannun yaran nan, kuna tura su aiki ba su san inda ake ajiye musu ba.

Kai dai kafin ka miƙa na gaba, sa hannu ka rufe sakin layi biyun ƙarshe ka karanta saura, in akwai wanda aka zalunta to sake jeri. Editan naka kuma ka tambaye shi kai tsaye, ba zai cinye ka ba.