Filin Tambaya da Amsa: Wa ya girma a cikin To Kill a Mockingbird?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, barka da aiki. Ni ɗiyarki ce daga Jidda, ina aji goma a wata makaranta da ake koyarwa da Turanci. Malamarmu ta bamu littafin To Kill a Mockingbird tace kowa ya zaɓi mutum ɗaya a ciki ya rubuta shafi uku akan yadda yake ɗauke da jigon littafin, toh kusan duk ajin Atticus suka ɗauka wai shine jarumi, ni kuma wallahi na karanta har ƙarshe ban gane me yasa ake cewa labarin tasowar yara ne ba alhali kusan rabinsa maganar shari'a ce. Dan Allah wa zan zaɓa kuma ta ina zan fara?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗiyata, Allah ya bada sa'a. Ki ɗauki Jem, yayan Scout.

Atticus, lauyan nan baban Jem da Scout, mutumin kirki ne ba musu, amma yadda kika same shi a babi na farko haka zaki barshi a babi na 31, bai canza ba. Jem kuwa a gaban idonki yake canzawa. Ki koma shafin farko ki duba, da maganar karayar hannun Jem aka buɗe littafin lokacin yana dab da shekara 13, kuma a ɗakinsa aka rufe shi, yana kwance babansu zai kwana a gefensa. Scout ce ke bada labarin bayan ta girma, tana tuno shekarunta daga wajen 6 zuwa kusan 9, amma da yawan abinda take ba mu labarin yayanta ne, har abubuwan da ita a lokacin bata fahimta ba.

Harper Lee ta fitar da littafin a 1960, ya ci kyautar Pulitzer a 1961. Ita ƴar Monroeville ce a jihar Alabama, babanta lauya ne, garin Maycomb na cikin littafin kuma ƙirƙirarsa tayi ta ajiye shi a shekarun 1930 lokacin da talauci ya kama Amurka kuma doka ta raba baƙi da farare a makaranta da coci har wurin zama a kotu. Wannan ya isheki gabatarwa, layi uku, kar ki cika shafi dashi.

Yanzu ki bi Jem a hankali. Da farko yaro ne mai son a ce masa jarumi, abokinsu Dill ya zuga shi ya ruga ya taɓa bangon gidan Radley ya dawo a guje, Boo Radley, maƙwabcinsu da baya fitowa daga gidan, a wurinsa dodo ne kawai. Sai ranar da wandonsa ya maƙale a shingen gidan, ya koma cikin dare ya tarar an ɗinke an ninke masa, daga nan ya fara shiru da tunani. Ga kuma kyaututtukan da suke tsinta a kogon bishiya, cingam, tsofaffin kwabbai, ƴan tsana biyu na sabulu masu kama dasu, agogon da baya aiki, sai Nathan Radley, yayan Boo, ya toshe kogon da siminti yace wai bishiyar ce ke mutuwa, Jem ya tambayi babansu aka ce masa lafiyarta lau. Ya daɗe tsaye a baranda, da ya shigo Scout taga alamar hawaye a fuskarsa. Ita bata san dalili ba, mu masu karatu mun sani: ya gane babba yayi masa ƙarya kuma an yanke wa Boo, bawan Allahn da ke ajiye musu kyaututtukan, hanya ɗaya tilo da yake gaisawa da duniya. Wannan wurin ni yafi taɓa ni akan duk jawabin kotu, ki sa shi a rubutunki.

Shari'ar da kike ganin ta cinye littafin, wato ta Tom Robinson, baƙar fatan da aka zarga da yi wa Mayella, farar yarinya, fyaɗe kuma Atticus ke kare shi, don Jem aka zaunar damu a cikinta. Yana sama a benen kotu na baƙar fata kusa da fastonsu Reverend Sykes yana bin hujja ɗaya bayan ɗaya: dukan da aka yi wa Mayella a ɓangaren dama na fuskarta yake, babanta Bob Ewell bahago ne an gani da aka sa shi rubuta sunansa, Tom Robinson kuma hannunsa na hagu ya mutu tun yana yaro da injin gurzar auduga ya kama shi, kuma ko likita ba a kira ba. Jem ya gama lissafi yace sun ci. Sykes ya faɗa masa kar ya saki jiki don shi bai taɓa ganin masu yanke hukunci sun ba baƙi gaskiya akan fari ba. Haka kuwa akayi, farare 12 suka ce Tom yayi laifi, Jem ya fito yana kuka. Abinda ya karye masa a daren ba wai imani da kotu kaɗai ba, mutanen garinsu ne da yake ɗauka sun fi kowa kirki a duniya. Daga nan ki duba yadda ya koma, ya hana Scout kashe ɗan ƙwaro, yace mata ya fara gane me yasa Boo baya fitowa, ƙila shi ne baya so, sannan ranar da ta tada maganar kotu ya daka mata tsawa yace kar ta sake. Toh kinga jigonki kenan, yaro ya gano cewa gaskiya da hujja basa isa idan mutane sun riga sun yanke hukunci a zuci, kuma dole ya nemi yadda zai cigaba da zama a cikinsu.

Idan shafi ya rage miki ki bawa Calpurnia, baƙar fatar da ke musu girki a gida, sakin layi ɗaya. Ita ta koya wa Scout rubutu, ita ta kaisu cocinsu inda yaran suka sha mamakin jin tana magana daban da yadda take yi a gidansu, ku da kuke Larabci a waje Hausa a gida ai ba sai an muku bayani ba. Abinda ke damuna shine har littafin ya ƙare ba a taɓa shiga damu gidanta ba, Tom ma da aka harbe shi harsashi 17 a gidan yari a bakin farare muka ji labarin. Ki rubuta wannan ba tsoro, malama mai adalci zata baki maki akai.

TAMBAYA: Malama salamu alaikum. Daga Makka nake, wajen Shara Mansur. An ba yarinyata mai shekara 14 wannan littafin na Harper Lee a makaranta, sai naji ance akwai maganar fyaɗe a ciki, hankalina bai kwanta ba. In barta ta karanta?

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya raya mana su. Eh akwai, zargin fyaɗe ne na ƙarya da aka ɗora wa Tom, kuma a shaidar kotu maganar ta fito, babu wani wuri da aka siffanta alfasha. Abinda zai fi ƙona mata rai ina ga kalmar zagin baƙar fata ce da ta cika bakin mutanen garin, yaranmu a nan kuwa sun san zafin a kira mutum da sunan raini saboda fatarsa, sai kuma halin Mayella, yarinya ƴar 19 mai rainon ƙanne bakwai da uba mashayi mai dukanta. Ni dai shawarata ka barta, amma kai ko mamanta wani ya fara karanta babi na 17 zuwa 21, nan shari'ar take, akwai fassarar Larabci in Turancin zai yi nauyi. In ta iso wurin ku zauna tare ku ji me ta fahimta, musamman dalilin da yasa Mayella tayi ƙaryar, don yara da yawa a nan suke rikicewa.