Santimita Biyar Ɗin da Ta Ja Mini Asara

Kana tambayata me ya sa na bar giɓi tsakanin eriya huɗun nan na gano inda siginar rediyo ke fitowa, ban jera su daidai ba. Kai yaro, da hannuna kake kallo ba wayarka ba, da tuni ka gane.

Rabin zango, wato rabin tsawon igiyar sigina, shi ne ma'aunin tazarar gurbi zuwa gurbi, a megahaz 450 santimita 33 ke nan, wannan ko ɗan koyon jiya ya sani. Ni a gurbi 0, 1, 4 da 6 nake kafa su. Ƙirga tazarar kowace biyu: daga 1 har 6 duk sun fito, babu maimaici. Huɗu sun ba ka faɗin jerin bakwai, kuɗin uku na aljihunka.

Amma ba nan ake faɗuwa ba, a wayar eriya ake faɗuwa. Wani Alhaji mai masana'anta a Sharada ya taɓa kirana, wai wani na kutsa wa masu gadinsa cikin oba-oba. Ko sisi bai ba ni kafin alƙalami ba, ni kuma kunya ta hana ni tambaya. Da kuɗina na sayi RTL-SDR, ƙananan na'urorin kama siginar rediyo da ake jonawa da kwamfuta, guda huɗu, na kwana ina haɗa su kan agogo ɗaya mai daidaita musu lokaci, don in kowace na bin nata agogon, shirme za ka karanta. Sai yaron da ke wurina lokacin, mai gaggawa irinku, ya yanke waya ɗaya ta gaza sauran da santimita 5, ya yi shiru. A cikin irin wannan wayar, RG-58, sigina na tafiya da kashi biyu cikin uku na saurinsa a iska, wato wannan ɗan guntun ya karkatar da lissafi da kusan digiri 40. Kwana uku ina yawo cikin rana, ga rufin kwano na dawo da sigina ta ko'ina, kwamfuta na nuna mini inda babu kowa.

Da na gano matsalar wayar, cikin awa ɗaya na tsaya a ƙofar maƙwabcinsa. Ka san abin da Alhajin ya ce? "Ai dama su nake zargi." Ya shige mota. Har yau ban ga kuɗina ba, na bar shi da Allah.

Ɗauko tef ka auna wayoyin nan huɗu a gabana, har da kawunansu.