Ku Tambayi Magina: Soro, Kwano da Sanyin Jos

Wasiƙun wannan fitowar duk daga Jos suka zo, kuma galibinsu a kan ruwa da sanyi suke. Mun zaɓi huɗu.

Assalamu alaikum. Kakana daga Kano ya zo Jos aikin kuza. Gidanmu na Kano soro ne har da zankwaye, amma a nan tsofaffin unguwanninmu kusan duk rufin kwano ne. Me ya hana kakanninmu gina soro a Jos? — Wani mai karatu daga Gangare

Wa alaikumus salam, Malam. Ruwan sama ne ya hana, jirgin ƙasa kuma ya kawo madadi.

Soro gini ne na ƙasar da rani ya fi damina tsawo. Magini zai haƙo birji, ya kwaɓa shi da ciyawa, a tattake, a bar shi ya kwana biyu ya yi danƙo, sannan a mulmula tubali a shanya a rana. Bango yakan yi kauri a gindi ya riƙa sirancewa zuwa sama. Rufin kuwa azara ce, wato faskaren giginya da gara ba ta cika ci ba, amma ba ta ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar ta wuce kamar ƙafa 6 ba tare da tallafi ba. Shi ya sa tsofaffin ɗakuna suke da ƙunci, shi ya sa kuma gwanayen magina suka ƙware a bakan gizo, wato lanƙwasasshen tallafin da ke ɗauke da rufi, domin a samu faffaɗan zaure babu ginshiƙi a tsakiya. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, shi ne ƙololuwar wannan fasaha. A saman azara ake shimfiɗa zana ko asabari, a ɗora ƙasa, a shafe da makuba ko laso, a sa indararo ya zubar da ruwa nesa da bango. Kowace shekara kafin damina sai an hau an yi yaɓe.

To Jos tana kan tsauni ne mai tsawon kusan mita 1,200, ana ruwa daga Afrilu zuwa Oktoba, kimanin milimita 1,400 a shekara. A Yuli da Agusta ana iya yin kwanaki rana ba ta fito sosai ba. Shimfiɗaɗɗen rufin ƙasa da ya sha ruwa bai samu rana ba, nauyinsa ƙaruwa yake yi har azara ta lanƙwashe. Mutanen da suka riga kowa zama a wurin, Birom da Anaguta da Afizere, sun daɗe da gane haka: ɗakunansu zagayayyu ne, jinkar ciyawa mai tsini ta sauko ta rufe bango, a kewaye gida da shingen kerana. Turawan kuza su kuma suka yi nasu da dutse, da baranda, da murhun jin ɗumi mai bututun hayaƙi, irin waɗanda har yau ake gani a tsohuwar unguwar Turawa. Da ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso a 1914, babban layi kuma ta Kafanchan a 1927, kwano da siminti suka samu hanyar shigowa da yawa.

Abin da kakanninku suka riƙe shi ne tsarin gida. Ka duba naku da kyau: zaure a bakin hanya, wataƙila da shigifa, sannan tsakar gida da ɗakunan mata, turakar maigida a inda yake ganin mai shiga da mai fita. Bangon ƙasa ne, rufin ne kawai ya sauya. Daga baya matsin gari ya haifar da gidan haya mai ɗakuna a jere suna kallon juna, banɗaki da madafi na kowa da kowa, sai ciki da falo, sai falat, sai benaye irin na Rayfield. A ganinmu babbar asarar da aka yi a wannan tafiya ita ce zaure, domin a falat baƙo yana shiga ne kai tsaye tsakiyar iyali. Wanda yake zana sabon gida ya ware falon baƙi mai ƙofarsa da banɗakinsa daga waje.

In kana son ganin soro na gaske ba sai ka je Kano ba. A harabar gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, akwai sashen gine-ginen gargajiya da masanin gini ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya yi wa aiki, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Zariya. Ka lura da irin ɓarnar da damina take yi musu, za ka ga amsar tambayarka da idonka.

Gidanmu na gado ginin ƙasa ne. Shekara biyu da suka wuce muka yi masa filastar siminti ciki da waje, yanzu ga ta tana kumbura tana faɗowa, gindin bango kullum a jiƙe. Birkila ya ce mu manna tayil. Mu yi? — Wata Hajiya daga Unguwar Rogo

Hajiya, kada ku manna. Tayil zai ɓoye danshin ne ya kuma tura shi sama, bayan shekara ɗaya ku gan shi ya ɓullo a saman layin tayil ɗin.

Bangon ƙasa yana shan danshi yana fitarwa, yana ɗan kumbura da damina yana tsukewa da rani. Siminti ba ya motsi tare da shi, don haka sai ya tsage, ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita. Ƙasar da ke baya ta yi laushi, filasta ta rabu da ita.

A bari sai ruwa ya ɗauke, tsakanin Nuwamba da Fabrairu. A bi bangon ana ƙwanƙwasawa da katako. Duk inda ya yi ƙarar fanko a ɓamɓare, a bar shi a buɗe mako 3 zuwa 4 ya sha iska. A wannan tsakanin a nemo inda ruwan yake fitowa, don in ba a tare shi ba aikin banza za a yi. Galibi ɗayan uku ne: bakin kwano gajere ne, ruwa na zuba a gindin bango yana fallatsa, ko ƙasar waje ta fi daɓen ɗaki tudu, ko kwata da bututun banɗaki suna yoyo a jikin ginin. Bakin kwano ya fito aƙalla ƙafa 2 daga bango. A zuba dakalin kankare mai faɗin ƙafa 2 kewaye da gidan, a karkatar da shi waje.

Idan gindin bango ya zaizaye, ba a cike shi gaba ɗaya rana ɗaya. A yi ƙafa 3, a tsallake ƙafa 3, sai na farko ya bushe a dawo kan na tsakiya, da dutse ko tubali da kwaɓin ƙasa irin ta bangon. Amma in zaizayar ta ci kashi ɗaya cikin uku na kaurin bango, ko akwai tsaga da ke tafiya a karkace daga kusurwar taga, a tokare rufin, a fitar da yara daga ɗakin, a kira injiniya kafin a taɓa komai.

Shafen da ya fi dacewa da irin wannan bango shi ne mai laushi: awo 1 na siminti a awo 10 na tankaɗaɗɗiyar ƙasa da yashi. In kuwa lallai filastar siminti ake so, a kafa wayar kaji a jikin bangon da ƙusa mai inci 4 a kowace ƙafa ɗaya, a haɗa buhu 1 da kwanon sarki 12 na yashi, a shafa sau biyu, kaurin duka kada ya wuce kashi uku cikin huɗu na inci. A riƙa yayyafa ruwa safe da yamma kwana 7. Sanyin hunturu yana yaudarar masu aiki su ga kamar ba a bukatar ban ruwa, alhali busasshiyar iskar ce ke tsotse filasta ta tsattsage. Fenti sai bayan mako 4, kuma na ruwa, ba na mai ba.

Sabon gida na gina a Rikkos. Da hunturu, babu ruwan sama, amma silin na POP yana yin tabo rawaya. Kafinta ya rantse kwano ba ya yoyo. — Wani malamin makaranta

Malam, mai yiwuwa gaskiyar kafinta ce. Raɓa ce. Da dare kwano yana yin sanyi ƙarara, iska mai ɗumi daga numfashi da girki da ruwan wanka tana hawa ta ramukan fitila da bakin silin, tana taɓa kwano sai ta zama ɗigo. Ka leƙa da asuba da tocila ta ƙofar silin. Idan ƙarƙashin kwanon duk ya jiƙe bai ɗaya, ba wuri guda ba, to ita ce. Maganinta a buɗe ƙananan kafofin iska a bangon da ke tsakanin silin da kwano, gefe biyu masu fuskantar juna, a sa musu raga saboda jemage da tsuntsu, a toshe ramukan silin na madafi da banɗaki. Mai sabon rufi ya shimfiɗa takardar alminiyon mai hana zafi a ƙarƙashin kwano tun farko, kuma ya sayi kwanon da kaurinsa bai gaza milimita 0.45 ba, 0.55 ya fi, saboda iska da ƙanƙarar Jos.

Tunda maganar sanyi ake, muna roƙon kowa da girman Allah: kada a kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki, kada kuma a kunna janareta a zaure ko baranda mai rufi. Iskar da suke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, tana fara wa mutum da ciwon kai da jiri, sai barcin da ba a tashi. A ɗumama ɗaki taga a buɗe, a fitar da kaskon kafin a kwanta.

'Yata za ta tare a ciki da falo a Bukur, kowane ɗaki ƙafa 12 ne a 12. Dangi sun ce sai an yi cikakken saiti kamar na kowa. Anya zai shiga? — Uwar amarya

Allah Ya sanya alheri, Hajiya. Jere tsohuwar al'ada ce, kayan ne suke sauyawa: daga ƙorai da faya-fayai aka koma tasoshin tagulla, aka zo kwanonin sha masu fure da ake jerawa har rufi kusa da gadon ƙarfe mai rumfa, sannan kabad mai gilashi, yau kuma saitin katako. Bambancin shi ne kwano a bango yake hawa, katako kuwa fili yake ci.

Ga lissafi. Gado mai ƙafa 6 a 6 da allon kansa zai ci kusan ƙafa 7 a tsawo. Wadirob tana da zurfin ƙafa 2, ƙofarta na bukatar wasu ƙafa 2 ta buɗe. Mutum yana bukatar aƙalla ƙafa 2 ya wuce ta gefen gado. Idan aka sa gadon da wadirob suna fuskantar juna, ƙafa 3 ce ta rage a tsakani, babu wurin shimfiɗa sallaya a sake, balle gadon jariri nan gaba. Gado mai faɗin ƙafa 4 da rabi zai bar mata sarari, madubi kuma a manna shi a ƙofar wadirob maimakon a yi masa teburinsa. A falo, kujera mai cin mutum 3 da guda biyu masu cin mutum ɗaya sun isa. Kafin a ba kafinta kuɗi a je da tef a auna ɗakin da faɗin ƙofa, a zana wurin kowane abu da alli a ƙasa.

Kada a jingina katako da bangon waje; a bar inci 3 zuwa 4 iska ta ratsa, in ba haka ba zuwa Agusta bayan wadirob zai yi fumfuna, atamfofin lefe su ɗauki wari. Katakon da aka matse daga gari, wanda yawancin saitin kasuwa da shi ake yi, yana kumbura da zarar ya sha danshi, don haka a sa masa ƙafafun roba ya ɗaga daga ƙasa. Daɓen tayil yana da sanyi a Bukur, amma kafet mai mannewa bango zuwa bango yana riƙe danshi a ƙarƙashinsa. Ku saya mata babbar darduma mai kauri wadda mutum biyu za su iya naɗewa su fitar rana, da labule mai shafi biyu a tagar da ke fuskantar arewa maso gabas, ta inda iskar hunturu take shigowa.